Dala Miliyan 15 da Mai Ganga Ya Ƙi Karɓa: Nazarin Rikicin The Doors a Kan Talla

A farkon shekarun 2000 kamfanin motoci na General Motors ya yi wa ragowar 'yan ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna The Doors tayin dala miliyan 15, domin a ba shi izinin sanya waƙarsu "Break On Through" a tallar motocin Cadillac. A lokacin ƙungiyar ta kusa cika shekara 30 da watsewa, babban mawaƙinta ya daɗe a kabari, kuma ba a nemi kowa ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ko ya hau dandamali ba, sa hannu a takarda kawai ake bukata. Biyu daga cikin mutum ukun da suka rage suna son a karɓa. Na ukun, John Densmore, wanda shi ne mai kaɗa ganga, ya ce bai yarda ba, kuma rashin yardarsa shi kaɗai ya isa ya rushe cinikin. Daga baya aka shiga shari'ar da ta ci shekara biyar, ta cinye miliyoyin daloli, ta kuma raba mutanen da suka taso tare tun suna samari.

An kafa ƙungiyar a birnin Los Angeles a 1965 da mutum huɗu: Jim Morrison mai rera waƙa, Ray Manzarek mai kaɗa piyanon lantarki, Robby Krieger mai jita, sai Densmore. Tun kafin su sami ko dala ɗaya suka yi alkawari a tsakaninsu cewa duk abin da ya shigo za a raba shi kashi huɗu daidai, ba tare da duba wane ne ya rubuta baitin ko wane ne ya ƙirƙiro kiɗan ba, kuma kowane ɗayansu yana da ikon hawa kujerar naƙi a kan duk wata shawara da ta shafi ƙungiyar. Shi ya sa a faifansu uku na farko ba a rubuta sunan mutum ɗaya a matsayin marubucin waƙoƙinsu ba, sunan ƙungiyar aka sa. Irin wannan alkawari yana da sauƙin ɗauka a lokacin da babu abin rabawa, kuma nauyinsa ba ya bayyana sai ranar da kuɗi mai yawa ya zo kuma mutum ɗaya ya tsaya a hanya.

Kafin a je ga ranar, yana da kyau a fahimci abin da ake sayarwa idan an ce an ba kamfani waƙa ya yi talla da ita. A dokar haƙƙin mallaka ta Amurka kowace waƙa da aka ɗauka a faifai tana da haƙƙi biyu. Na farko shi ne na ainihin waƙar, wato baituka da karin sauti, wanda ke hannun marubuci ko kamfanin da ke kula masa da shi. Na biyu shi ne na sautin da aka naɗa, wanda galibi ke hannun kamfanin faifai. Dokar ta sassauta a wuri ɗaya: da zarar waƙa ta fita kasuwa, kowane mawaƙi yana iya sake rera ta ya fitar a faifansa matuƙar ya biya kuɗin da aka ƙayyade, ko da masu ita ba sa so. Ta haka José Feliciano ya sake rera "Light My Fire" a 1968 ya yi fice da ita. Amma haɗa waƙa da hoto mai motsi, a fim ko a talla, ba ya yiwuwa sai da yardar masu haƙƙi, kuma babu farashin da doka ta yanka, sai abin da aka daidaita. A wannan ƙofa mai waƙa yana da cikakken ikon cewa a'a, kuma a nan farashi yana iya kaiwa miliyoyi.

Gwajin farko ya zo a ƙarshen 1968. "Light My Fire", wadda Krieger ne ya rubuta mafi yawanta, ta riga ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka a 1967, sai kamfanin motoci na Buick ya zo da tayin dala 75,000 domin a juya baitinta ya koma kirarin mota. Morrison ya tsaya a Landan bayan rangadin da suka yi a Turai, an neme shi ba a same shi ba, sauran ukun kuwa suka amince a bayan idonsa. Da ya dawo ya ji labari sai ransa ya yi mummunan ɓaci, ya kira kamfanin ya yi barazanar farfasa motarsu da guduma a bainar jama'a idan har aka saki tallar. Cinikin ya mutu a nan. Abin lura, wanda masu yabon Densmore sukan tsallake, shi ne yana cikin mutum ukun da suka ce e a wannan rana. Bayan wannan rigima, a 1970, su huɗun suka mayar da alkawarin baki ya zama rubutacciyar yarjejeniya mai cewa ba za a ƙulla wata harkar kasuwanci da sunan ƙungiyar ba sai kowa ya amince.

Morrison ya rasu a birnin Paris ranar 3 ga Yulin 1971 yana da shekara 27. Sauran ukun sun fitar da faifai biyu ba tare da shi ba, sannan suka watse a 1973. Kasonsa na huɗu ya koma hannun abokiyar zamansa Pamela Courson, da ita ma ta rasu a 1974 sai aka raba shi tsakanin iyayenta da iyayensa. Waƙoƙin ba su mutu ba, suka ci gaba da sayuwa, kuma masu talla suka ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa. Sau ɗaya Densmore ya sake buɗewa, lokacin da ya yarda kamfanin tayoyi na Pirelli ya yi amfani da "Riders on the Storm" a Birtaniya. Ya faɗa daga baya cewa abin ya tsaya masa a rai har ya bayar da kasonsa sadaka. Saboda haka mutumin da ya ƙi dala miliyan 15 ya taɓa faɗawa ramin har sau biyu, kuma a ganina wannan ne ya sa tsayuwarsa ta ƙarshe take da nauyi, domin daga nadama ta fito.

A tsakanin waɗannan shekaru duniyar waƙa ta sauya ƙwarai. A 1987, da kamfanin Nike ya sanya waƙar ƙungiyar Beatles mai suna "Revolution" a tallar takalmi, an yi ta ce-ce-ku-ce kamar an keta haddin wani abu mai tsarki, har kamfanin 'yan ƙungiyar ya shigar da ƙara. Su ba su da ikon hanawa tun farko, domin haƙƙin waƙoƙinsu ya fita daga hannunsu, Michael Jackson ya saye shi a 1985. A 1995 kamfanin Microsoft ya ƙaddamar da manhajar Windows 95 da waƙar ƙungiyar Rolling Stones, kuma hayaniyar ba ta kai ta baya ba ko kusa. A 1999 Volkswagen ya yi talla da waƙar Nick Drake, mawaƙin Ingila da ya rasu a 1974 kusan ba wanda ya san shi, sai ga faifansa yana sayuwa fiye da yadda ya taɓa yi yana raye. A shekarar ce kuma manhajar Napster ta bayyana, mutane suka fara sauke waƙoƙi kyauta a intanet, kuma cikin shekara goma kuɗin da cinikin faifai ke kawowa a Amurka ya faɗi zuwa kusan rabinsa. Abin da a da ake kira sayar da kai ya zama hanyar cin abinci da kowa ke bi ba kunya.

A wannan yanayi ne tayi ya riƙa zuwa wa The Doors ɗaya bayan ɗaya, ciki har da na kamfanin Apple na fiye da dala miliyan ɗaya, Densmore kuma yana ƙi. A 2002 ya rubuta maƙala a mujallar The Nation ya bayyana dalilinsa, wanda kuma ya sha maimaitawa a hirarraki. Ya ce mutane sun sha tare shi su gaya masa cewa da waɗannan waƙoƙi 'yan uwansu sojoji suka zauna a fagen yaƙin Biyetnam, wasu kuma su ce sun san wanda waƙar ta hana shi kashe kansa, don haka abin da ya shiga rayuwar mutane irin wannan shiga ba na haya ba ne. Mawaƙi Tom Waits, wanda shi ma ya taɓa kai kamfanin Frito-Lay kotu saboda kwaikwayon muryarsa a talla har aka biya shi fiye da dala miliyan 2, ya rubuta wa mujallar wasiƙar goyon baya.

Shi kuwa Cadillac bai yi asarar komai ba. Ya juya ga Led Zeppelin, ƙungiyar da ita ma ta daɗe tana ƙin masu talla, ya samu waƙarsu "Rock and Roll", ya fara tallar da ita a 2002 a ƙarƙashin taken da ya yi kama da sunan waƙar da aka hana shi, ya kuma yi shekaru yana amfani da ita. Wannan ya nuna abin da kamfanin yake nema tun asali. Motar ta yi suna a matsayin ta dattawa, yana son ya wanke ta daga wannan suna, masu kuɗin sayenta kuma su ne samarin 1967 da suka manyanta, don haka ƙuruciyarsu yake son ya tuna musu. Kowace waƙar tawaye ta wancan zamani za ta iya yi masa aikin. Idan aka raba dala miliyan 15 kashi huɗu, kowane kaso ya kama dala miliyan 3 da dubu 750 kafin a cire haraji da ladan wakilai, kuma wannan ne Manzarek da Krieger suka ga ya wuce su ya tafi hannun wasu, ba tare da duniya ta ragu da talla ko ɗaya ba.

Wutar ta tashi ne ta wata kusurwa. A 2002 Manzarek da Krieger suka ɗauko mawaƙi Ian Astbury ya tsaya a gurbin Morrison, suka fara rangadi da sunan The Doors of the 21st Century. A farkon 2003 Densmore ya kai su kotu a Los Angeles yana cewa ba su da ikon amfani da sunan ba da yardarsa ba, iyayen Morrison da na Courson kuma suka mara masa baya. Su biyun suka mayar da martani da ƙarar neman dala miliyan 40, suna zarginsa da cutar da haɗin gwiwar ta hanyar toshe kuɗin talla. Da haka tambayar da aka saba yi a mujallu ta shiga gaban alƙali: shin abokin tarayya yana da ikon hana 'yan uwansa riba saboda abin da ya yi imani da shi? A 2005 alƙalin ya hana su amfani da sunan, ya kuma umarce su da su mayar da ribar rangadin, kimanin dala miliyan 3.2, ga asusun tarayya, ƙarar tasu kuma ba ta kai su ga nasara ba. Sun ɗaukaka ƙara, amma a 2008 Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta ƙi sauraronta, abin da ya bar su da nauyin kusan dala miliyan 5 idan aka haɗa da kuɗin lauyoyi.

Kotu ba ta ce talla da waƙa laifi ne ba, ba ta kuma da hurumin faɗin haka. Abin da ta tabbatar shi ne yarjejeniyar amincewar kowa tana nan daram, kuma wanda ya yi amfani da ikon da takarda ta ba shi bai zalunci kowa ba. Saura tambayar da ta fi wuya, wato ko ya kyautu ya yi amfani da shi.

Hujjar ɓangaren Manzarek da Krieger tana da ƙarfi fiye da yadda masoya Densmore suke so su amsa. Krieger ne ya rubuta waƙar da ta fi kowace kawo musu arziki, ya yarda aka raba ladanta huɗu tun yana ɗan shekara 20 da 'yan kai, sai ga shi a tsufansa wanda bai rubuta baiti ɗaya a cikinta ba yana hana shi cin moriyar gumin kansa. Duk mai adalci zai ji zafin wannan. Haka kuma dogaro da ra'ayin mamaci yana da rauni, domin Morrison ɗin da ya yi barazanar guduma saurayi ne mai shekara 24 a zamanin da gidajen rediyo ke ɗaukar waƙa su kai ta ko'ina, kuma tsararrakinsa da dama da suka yi irin wannan magana a lokacin sun sauya daga baya, har Bob Dylan da kansa ya fito a tallar Cadillac a 2007. Idan kiɗa ya canza rawa ma takan canza. Akwai kuma batun sababbin masu sauraro, tun da yaron da bai taɓa jin The Doors ba yana iya jin su a karon farko a cikin daƙiƙa 30 na talla, kamar yadda ya faru da Nick Drake.

Duk da haka ina ganin Densmore ne ke da gaskiya, kuma dalilina na farko shi ne amana. Morrison bai bar shakka a kan matsayinsa ba, ya faɗe shi da babbar murya, an kuma rubuta yarjejeniya saboda shi. Mai yiwuwa ne da ya rayu ya sauya, amma bai rayu ba, kuma kalmarsa ta ƙarshe ita kaɗai ce abin da abokansa ke riƙe da shi. Murya tasa ce za a ji tana tallar motar, baitukan da ya rera ne za a ɗora a kan hoton ƙarfe da taya. Wanda ya ci ribar raba daidai na tsawon shekara 30 a bisa alkawarin da aka yi da mutum huɗu, bai kamata ya ce alkawarin ya tsufa ba a ranar da ɗayansu ya kasa tashi ya kare kansa. Krieger ma ya ci irin wannan riba, domin waƙoƙin da Morrison ya rubuta an raba ladansu da shi.

Dalili na biyu ya shafi abin da talla ke yi wa waƙa. The Doors ba su taɓa ƙin fim ba: "The End" ce ta buɗe fim ɗin yaƙin Biyetnam na Francis Ford Coppola a 1979, kuma an biya su. Ashe ba kuɗi ne abin ƙyama ba. Bambancin shi ne fim yana aron ma'anar waƙa ya ƙara mata wata, mai kallo ya gan shi sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa. Talla kuwa tana yanko daƙiƙa 30 mafi daɗi, ta zubar da sauran, ta maimaita su sau ɗaruruwa a cikin wata guda, da niyyar duk wanda ya ji sautin ya tuna da hajar. Idan tallar ta yi nasara to wannan ɗaurin ya kama ke nan, kuma ba ya kwancewa ranar da kwangila ta ƙare. "Break On Through" ita ce waƙa ta farko a faifansu na farko, kira ne na fasa shinge a tsallaka zuwa wani ɓangare, kuma mayar da wannan ɓangare ya zama shagon dillalin mota sauya ma'ana ne da dala miliyan 15 ba za ta iya mayarwa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne barin kamfani ya faɗa wa miliyoyin mutane abin da waƙarka take nufi.

Sai dai bai halatta a ɗauki wannan hukunci a ɗora wa kowace ƙungiya ba, kuma a nan nake rabuwa da masu zagin duk mawaƙin da ya sayar. Densmore ya ƙi ne yana mai wadata, faifan ƙungiyarsa sun sayu miliyoyi a zamanin da faifai ke kawo kuɗi, shi da kansa bai ɓoye haka ba. Ƙungiyar matasan mawaƙa ta yau, wadda manhajojin sauraro ke biyanta ƙasa da santi ɗaya a kan kowane sauraro, wadda kuma rangadi ke cinye mata abin da ta samu, tana iya samun kuɗin ɗaukar faifanta na gaba daga talla guda ɗaya. Waƙarta kuma ba ta riga ta shiga rayuwar mutane na shekara 30 ba, balle a ce ana ƙwace musu wani abu. Abin da irin wannan ƙungiya za ta ɗauka daga The Doors ya fi karkata ga tsari: ta riƙe haƙƙin waƙoƙinta a hannunta, tun da Beatles da suka rasa nasu ba a ma tambaye su ba, ta kuma rubuta tun da wuri wa ke da ikon cewa e, ko rinjaye ne ke yanke hukunci ko sai kowa ya yarda, da kuma abin da zai faru da muryar wanda ya rasu ko ya fita. Idan ta yanke shawarar bayarwa, akwai tazara mai nisa tsakanin izinin wata shida a ƙasa ɗaya ba tare da taɓa baiti ba, da irin abin da Buick ya nema, wato a cire kalmomin waƙa a sa sunan mota.

Farashin da Densmore ya biya bai tsaya a kason da ya bari ba. Ya yi shekaru ba ya magana da mutanen da suka fi kowa sanin ƙuruciyarsa, kuma ya ba da labarin shari'ar a littafin da ya fitar a 2013. A shekarar ce Manzarek ya rasu a garin Rosenheim na Jamus, ranar 20 ga Mayu, yana da shekara 74, sakamakon ciwon daji. Densmore ya ce sun yi magana ta waya kafin rasuwar, sun kuma rabu lafiya. A watan Fabrairun 2016 shi da Krieger suka hau dandamali ɗaya a Los Angeles domin tunawa da shi.

A farkon 2023 Krieger da magadan Manzarek suka sayar da kasonsu na haƙƙoƙin ƙungiyar ga kamfanin Primary Wave, wanda sana'arsa ita ce sayen tsofaffin waƙoƙi da nema musu kasuwa a fina-finai da tallace-tallace. Kason Morrison ya ci gaba da zama a hannun magadansa, Densmore kuma, wanda a lokacin yake da shekara 78, bai sayar da nasa ba.